Dubiyar da Na Jawo wa Yayana

Yayana maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu, kuma bahago ne. A duk Ƙofar Sauri da kewayenta ban san wani bahagon da ke zama da allura yana fitar da aska tara a ƙirjin riga ba in ba shi ba. Shekarar da ciwon ya kama shi ba a yi masa mutuwa ba, shagonsa bai ƙone ba, matarsa ba ta yi yaji ba. Haka kawai ya fara makara, daga baya ya daina fita gaba ɗaya. Ya shige ɗakinsa a sashensa na gidanmu, ya juya fuska bango. In an kai masa tuwo, yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Salla kaɗai ke tayar da shi, ita ma a ɗaki yake yi, yana sallamewa ya koma ya kwanta.

Ni ce ƙanwar da ke bi masa. Ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata, ina aure a Ƙofar Kaura, kuma ina rubutu. Wannan na ƙarshen shi ne abin da na fi ji da shi a lokacin. Littattafai biyu na fitar, waɗanda ban tabbata mutum hamsin sun karanta ba, amma tafiyata ma sai da ta sauya.

Wadda ta fara gane cewa abin ya wuce gajiya ita ce matarsa. Firamare kawai ta yi, kuma ba ta da yawan magana. Wata rana da la'asar tana shara ta ji ya ce, ba da ita yake ba, da za a wayi gari babu shi da kowa ya huta. Ba ta yi ihu ba, ba ta ruga ta gaya wa Inna ba. Ta ajiye tsintsiya, ta tattara almakasansa da rezoji da duk wani abu mai kaifi, ta zuba a kwalla ta kai ɗakin Inna ta tura ƙarƙashin gado. Washegari ta je wurin wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta kwashe komai ta faɗa mata. Ita ce ta gaya mata sunan abin, ciwon damuwa, ta ce ciwo ne kamar kowane ciwo, akwai likitocinsa, akwai maganinsa, kada a tsaya wasa.

Da ƙafarta ta je asibitin da maƙwabciyar ta kwatanta mata ta yanki kati, aka ba ta wata Laraba, mako uku a gaba. Kwana huɗu ta yi tana lallashin Yaya kafin ya yarda zai je, shi ma da sharaɗi guda: kada kowa ya ji, ko Inna, sai sun je sun dawo. Ni ma ba don ta ga dacewata ta faɗa mini ba. An yi wani rubutu da Turanci a bayan katin, tana son a karanta mata. Na karanta mata, ba komai ba ne illa a zo da sassafe, a zo da wanda ke zaune da marar lafiya. Ta naɗe katin a leda, ta ce, "Malama, don Allah maganar nan ta tsaya nan."

Na ce, "Haba Anti, wa zan gaya wa?"

To, a daidai wannan lokacin ne ƙungiyarmu ta marubuta ta gano ciwon damuwa. Haka muke, duk shekara da abin da muke ganowa. Bara waccan shaye-shaye ne, muka yi masa waƙoƙi muka sha lemo muka watse. A wannan karon shugabanmu ya ga ana ta maganar a waya, ya kira taro ya ce lokaci ya yi da alƙalami zai ceci al'umma. Mutum ne da ba ya iya gaisuwa ba tare da ya ambaci al'umma ba. Aka kama zaure, aka buga ƙyalle mai hoton wani mutum ya dafe kai, aka sa kowa ya rubuto wani abu. Mafi yawanmu ba mu taɓa zama awa guda kusa da mai ciwon ba. Ɗaya ya rubuto waƙa mai baiti arba'in da ke cewa a yi haƙuri, wata ta rubuto labarin budurwar da saurayi ya yaudara ta yi kwana uku tana kuka. Ni kuwa ina zaune ina raina su a zuci, saboda ni ina da na gaske a gida.

Cikin kwana biyu na rubuta labarina. Na sauya masa suna, na ce ai na rufa asiri. Amma na bar shi maɗinkin manyan riguna, na bar shi a Ƙofar Sauri, na kuma bar shi bahago, don jimlar da na yi a kan hannun hagun da ya manta hanyar allura ta yi mini daɗi, na kasa soke ta. Na sa kwallar almakasai, na sa katin asibiti a cikin leda. Abu guda na ƙirƙira: wata ƙanwa mai ilimi da ta shiga ɗakin a shafi na huɗu ta yi masa magana mai ratsa zuciya, ya tashi ya nemi abinci. Wannan da kuke karantawa yanzu sai da na kai masa aka karanta a gabansa, ya soke abin da zai soke. Wancan kuwa ban tambayi kowa ba.

Na karanta a taron, aka tafa, wata ta share hawaye da gefen gyale. Shugaba ya karɓi takardun ya ce wannan ba na zaure ba ne, na duniya ne. Ranar Lahadi da hantsi ya karanta shi a shirin marubuta na wani gidan rediyo, ya ambaci sunana sau uku. Na saurara a kicin ina yanka albasa, daɗi kamar ya kashe ni.

Wanda bai san Katsina ba ne zai zaci sauya suna rufin asiri ne. Nan garin in ka ce bahagon maɗinki, kafin ka rufe baki an gaya maka kakansa. Ga kuma sunan ƙanwarsa an faɗa sau uku. Kafin azahar ɗin Litinin sallama ta fara yawa a ƙofar gidanmu.

Dubiya abu ne mai kyau, ban ce ba. Ana samun lada, kuma da ita aka san mutum yana da mutane. Amma dubiyarmu an gina ta ne don mai zazzaɓi da mai karaya, kuma tana da ƙa'idarta da ba a tsallakewa. Za a yi sallama, a gaisa, a tambayi kwana, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, sannan a sassauta murya a ce ya jiki. Marar lafiya kuma amsa guda gare shi, ko da ransa na bakin fita: da sauƙi, alhamdu lillahi. In ya ce wani abu daban ya yi rashin godiya, ya kuma kunyata mai tambaya. Sai a ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ce amin, a ajiye ledar lemo da ayaba a tashi.

Mutumin da ɗaga kofin ruwa ke yi wa nauyi, shi aka sa wannan aikin. Maza suna zaure, sai an tashe shi, ya sa riga, ya sa hula, ya ja ƙafa ya fita ya zauna a tabarma. Suna tafiya ya dawo ya kwanta, kafin ya juya wasu sun yi sallama. Mata kuwa har ƙofar ɗakin suke zuwa su tsuguna. Inna ba ta da zaɓi a ganinta, tunda ba a taɓa mayar da mai dubiya daga ƙofar gidanmu ba. Ita ce ma ke leƙawa ta ce, "Tashi ka daure, mutane ne suka zo domin ka."

Da yawansu ba dubiya suka zo ba, kallo suka zo. Ina ganin idanunsu. Suna gaisuwa suna duba ƙafarsa ko an ɗaure ta da mari irin na mahaukata, suna duba bakinsa ko zai yi wata magana da za su kai gaba. Da ya amsa gaisuwa daidai sai ka ga kamar an cuce su. Kowa kuma da maganinsa a aljihu. Wannan ya ce sammu ne, abokan sana'a ne suka yi masa. Wancan ya ce iska ce, ya san wani a bayan gari. Wani da ko sallar asuba sai rana ta fito yake yi ya zauna ya yi masa wa'azin tawakkali. Wata ta ce ai ita ma tana damuwa, in ta ci goro sai ta ji ta warware. Mutum guda na gani da ya san abin da yake yi, wani tsoho da Yaya ke yi wa ɗinki. Ya tsaya daga waje ya ce kada a tashe shi, a dai gaya masa rigar da ke hannunsa ba ta sauri ba ce, ko shekara ce zai jira. Ya juya ya tafi, ko zama bai yi ba.

A mako na biyu ƙungiyarmu ta zo. Mutum tara, cikin manyan kaya, da katon ɗin lemon kwalba. Aka fito da Yaya zaure. Shugaba ya gyara murya ya yi jawabi kamar yana gaban lasifika, ya ce, "Malam, ka godewa Allah, ka zama darasi ga al'umma." Yaya ya ce amin, don bai san me zai ce ba. Daga nan suka jeru a bayansa, shugaba ya dafa kafaɗarsa, ya miƙo mini wayarsa ya ce in ɗauke su. Na karɓa na ɗauka. Har cewa na yi na gefe ya matso don ya fito sosai. Kafin magariba hoton yana yawo, an rubuta a ƙasansa cewa marubuta sun kai ziyarar jinƙai. Duk lokacin da na so in zagi mutanen nan, kuma ina yawan so, sai in tuna wa ya riƙe wayar.

Abin da na lura shi ne ɗan kunun da Yaya ke kurɓa da safe ma ya daina. Ya yi zuru-zuru, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ranar Litinin, saura kwana biyu a ga likita, Kawu ya iso daga Batagarawa. Ƙanin mahaifinmu ne, tun rasuwar Baba shi ke yanke magana a gidan. Manomi ne mai hawan jini, duk inda ya je da ƙullin ƙwayoyinsa a aljihu, ba ya ƙetare lokacin shansu ko ana ruwa. Ya zauna a tsakar gida, ya sa aka kira kowa, har Yaya. Ya ce ya ji a rediyo, kamar yadda duk ƙasar Katsina ta ji, wai an yanki kati za a kai ɗan ɗan'uwansa asibitin mahaukata.

Na ce, "Kawu, ba asibitin mahaukata ba ne, likitan..."

Ya ce, "Ke yi mani shiru, ke kin gama naki." Ya juya ga Yaya. "Kai, ya jikin?"

Yaya ya ce, "Da sauƙi, Kawu."

Kawu ya buɗe hannu yana kallon Inna. "To kin jiya. Da bakinshi ya hwaɗa. Mutum arba'in sun zo sun tambaye shi, kowa abin da ya ce mashi ke nan. Mi za a je yi asibiti? Yana da ɗiya mata, gobe wa za ya zo neman aure gidan da aka ce uban ya taɓu? Ba inda za shi tahi. Shi riƙe addu'a, shi tashi shi koma shago."

Ya faɗi haka, ya laluba aljihu ya ɓallo ƙwayarsa guda ya ce a ba shi ruwa. Shi nasa ciwon yana da magani, kuma shan sa bai taɓa rage masa tawakkali ba. Na so in faɗa, amma ba ni da bakin magana a gidan ranar.

Inna ta ce haka ne, ita ma ta ga sauƙi. Ban zarge ta ba sosai, tsoro ne ya cika ta, kuma an ba ta abin da take son ji. Kawu ya ce a kawo katin. Anti ta sunkuyar da kai ta ce za ta duba inda ta ajiye. Yaya ya miƙe da ƙyar, ya ce shi ma dama ya fasa, ya shige ɗaki.

Bayan Kawu ya tafi na tarar da Anti a bakin murhu. Katin yana ɗaure a haɓar zaninta, na ga tudunsa. Na fara kame-kame, ina cewa niyyata a wayar da kan mutane ne, wasu za su amfana. Ta bar ni na gama. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malama, kwana huɗu na yi kahin ya yarda. Ni ban iya rubutu ba. Rufe baki kaɗai na iya, shi na roƙe ki."

Na yi shekaru ina koya wa yara yadda ake tsara magana, ban taɓa jin wadda ta shige ni kamar wannan ba. Kunya ta rufe ni, na kuma ji tsoro na gaske a karon farko, don na tuna abin da ke cikin kwallar da ke ƙarƙashin gadon Inna da dalilin da ya sa aka kai ta can. Na ce me zan yi. Ta ce, "Ki tsare mani ƙofa gobe. Kwana ɗaya kawai, kada kowa shi tambaye shi komi."

Talata ban je makaranta ba. Na ɗauki kujera 'yar tsugune na zauna a zaure, wurin da mace ba ta zama a gidanmu. Duk wanda ya yi sallama in amsa, mu gaisa har ƙarshe, in ce ba ya ganin kowa yau, za a gaya masa. Wasu suka ce minti ɗaya kawai, na ce ko rabi. Wata gwaggonmu ta ce tun kafin a haife ni take shiga gidan nan, na ce na sani, gobe ma za ta shiga, ban da yau. Ta tafi tana cewa boko ya gama da ni. Inna ta fito ta ce, "Ke mi kike so a ce da mu a gari?" Na ce, "Inna, abin da za a ce an riga an ce, ni na jawo. Ki bar ni in tare wannan." Ta daɗe tana kallona, ta koma ciki ba ta sake fitowa ba.

Da hantsi shugaba ya kira ni a waya. Wai masu sauraro sun nemi kashi na biyu, in rubuto yadda maɗinkin ya koma bakin sana'arsa. Na ce ya goge hoton nan yanzu, kuma in ya sake karanta labarina a ko'ina zan zo har zauren taron in karanta nasa. Ya ce bai gane ba, ai taimako aka yi. Na yarda bai gane ba, har yau ma bai gane ba, bana sun koma kan sauyin yanayi.

Abin da Anti ta yi a ɗakin ranar, daga baya na ji. Ba ta yi masa nasiha ba, ba ta ambaci asibiti ba. Ta shiga da tiren wake ta zauna nesa da shi kaɗan tana tsincewa. In ta gama ta juye ta sake ɗebo wani. Wuni guda ba wanda ya ce da shi tashi, ba wanda ya sa shi ya ce yana jin sauƙi. Wajen la'asar ya juyo ya tambaye ta ina mutane. Ta ce babu kowa, ba kuma wanda zai shigo. Can ya ce ko akwai sauran kunu. Ya sha rabin kofi. Sai da ta karɓi kofin ta ce, "Katin na nan wurina. In ka ce a yaga, in yaga. In ka ce mu tahi, na yi magana da mai napep, ta ƙofar baya za shi tsaya." Ya koma ya kwanta, ita kuma ba ta sake tambaya ba.

Laraba tun da sassafe na iso gidan. Na tarar da napep a lungun baya, Anti tsaye da hijabinta, ba ta san ko zai fito ba. Mun fi rabin awa a haka, mai napep yana ta duba waya. Sai ga Yaya ya ɗaga labule, da hula a kansa, yana dafa bango. Inna tana ƙofar ɗakinta da carbi, ta gan shi sarai, ta kawar da kai kamar ba ta gani ba, leɓunanta suna motsi.

Na saɓa jakata na bi bayansu. Ya sa ƙafa ɗaya a napep, ya juyo ya dube ni. Rabon da ya dube ni ido cikin ido tun kafin a karanta labarin.

Ya ce, "Ke ina za ki?"

Na ce, "In raka ku, Yaya. Ko za a yi wani bayani da Turanci."

Ya ce, "Likitan na jin Hausa. Ki zamna. Abin da za ni gaya mashi ba na bugawa ba ne."

Anti ta shiga ta zauna kusa da shi, napep ta ja. Na tsaya a lungun da jaka a kafaɗa har suka sha kwana.

Ya ci gaba da zuwa asibitin, da ita kaɗai. Yana shan magani, wani watan ya yi ɗinki, wani watan allurar ta gagare shi, a haka dai ake tafiya. Muna gaisawa, muna hira, har dariya yana yi mini. Amma in ranar ganin likita ta zo ba a gaya mini, sai dai in ji an ce sun fita. Har yau ban san abin da ya faɗa wa likitan ba, kuma ban tambaya ba.